Azumin da Yaya Rabi ta ajiye

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Rabi, kuma har yanzu da na ji an ga watan azumi ita ke fara faɗo mini a rai.

A garin Tsibiri take, kusa da Maradi, tana ɗinki. Ciwon ya fara mata da fatar ido, sai ta riƙa saukowa da la'asar kamar mai jin barci. Daga baya tauna da haɗiya suka zama aiki. Likita a Maradi ya ce saƙon da jijiya ke aika wa tsoka ne ba ya isa. Ya rubuta mata wata ƙwaya mai hana jiki saurin share sinadarin da ke ɗauke da saƙon. Ya kuma ja mana kunne cewa sinadarin nan shi ke sa yawu da hawaye, ya motsa hanji, ya rage bugun zuciya. Ƙarfin ƙwayar 'yan awoyi ne, dole a rarraba ta cikin wuni.

Yaya ta samu sauƙi, keken ɗinki ya ci gaba da kuka. Sai azumi ya zo.

Ita da ba ta taɓa shan azumi da gangan ba, sai ta yi nata lissafin: ta haɗa ƙwayoyin wuni duka ta haɗiye da sahur, wai su kai ta magariba. Kafin hantsi maƙwabta suka same ta a tsakar gida, yawu na dalala, gumi sharkaf, ciki na murɗa, numfashi da ƙyar. Allurar atirofin aka yi ta yi mata a asibiti har yawun ya tsaya, zuciya ta dawo daidai.

Da ta farfaɗo, na ce, “Yaya, Allah fa ya yi wa maras lafiya rangwame.”

Ta ce, “Na sani, Auta. Amma gari duka shina azumi, ni kaɗai ina tauna kamar akuya?”

Ashe abin da ke cinta ke nan. Ta yarda ta ajiye azumi tana ciyarwa, ni kuwa kowace azahar in na tashi daga lakwal, wato makaranta, sai in hau babur daga unguwar Zariya ta Maradi zuwa Tsibiri. Ta rufe ɗaki, ta sha ƙwaya, ta jira haɗiya ta daidaita, sannan ta jawo kwanon fura. Ina zaune da azumina ina kallon bango.

“Zamna da kyau,” in ji ta. “Ladarka biyu, ta yunwa da ta kallo.”

Haka muka yi har ciwon ya kai ga ƙirjinta.

Yau wa'azi ya cika wayoyi, kowa na iya jin hukuncin maras lafiya daga ɗakinsa. Da tana nan, na san cewa za ta yi hukuncin ba shi ne da wuya ba. Ban gane maganarta sosai ba sai bara, da ciwon suga ya sa likita ya hana ni azumi.

'Ya'yana sun watsu, mai ɗakina ta riga ni gidan gaskiya. Keken ɗinkin Yaya yana kusurwar ɗakina, ba mai taka shi. Da azahar nakan rufe ƙofa in jawo kwano, unguwa ta yi tsit, in ji ƙarar cokalina. Kunyar nan ta Yaya ce nake ji, kuma kewarta na damuna. Allah Ya jiƙan Yaya Rabi. Ita ta samu mai zama da ita.