Jan Babur ɗin Yaya Bitrus

Yayana Bitrus ba mafaɗaci ba ne, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, kuma tun da ya shiga Kirista bai sake kai ƙwaryar burkutu bakinsa ba. Amma in taurin kai kake nema, ka zo Gidan Atu, ɗan ƙauyenmu da ke bayan Ƙafur, ka ce a nuna maka gidan mai jan babur. Ni Dinatu, ƙanwarsa, na fi kowa sanin wannan hali, don tun da mijina ya rasu na dawo gidansa da zama, ɗakina yana kallon nasa.

Babanmu Atu bai bar mana komai ba sai ƙasa, amma ƙasa ce ta kirki, laka mai riƙe ruwa, irin wadda auduga ke so. Yaya ya ɗan taɓa makarantar mishan, daidai yadda zai iya karanta Littafi Mai Tsarki, sannan ya koma gona bai sake waiwaye ba. Shi ya fara ɗaura wa shanu karkiya a ƙauyenmu. Mutane suka yi ta dariya, wai malalaci ne ya sa dabba ta yi masa huɗa. Kafin a ankara masu dariyar ne ke layi a ƙofar gidansa suna roƙon a taɓa musu tasu gonar.

A 1977 auduga ta yi kyau ƙwarai. Da aka tashi daga fuloti, wurin awon auduga, Yaya ya tafi Funtuwa bai gaya wa kowa abin da zai yi ba. Da la'asar sai ga ƙara ta nufo ƙauye, kaji na watsewa. Wani ne ya tuƙo, Yaya yana ƙanƙame a bayansa, don shi ko kunnawa bai iya ba. A filin majami'a ya koya, kuma da idona na ga ya shige cikin dangar kara, ya tashi da jini a gwiwa, amma madubin babur ya fara dubawa.

Ya sa wa babur ɗin suna Jatau. Kai, Jatau ya ga gata! An gina masa ɗaki da rufin kwano alhali ɗakin Rahab, matar gidan, na ciyawa ne yana yoyo. Ledar da ya zo da ita a kan sirdi ba a taɓa cire ta ba. Kowace Asabar a wanke shi da sabulun wanka, ba na wanki ba. Kuma hira yake yi da shi. Sai ka ji yana cewa, "Jatau, yau ka sha wuya, yi haƙuri, hanyar Tsiga ce ba ta da kirki." Rahab ta dube ni, in dube ta, mu kama bakinmu.

Amma a faɗi gaskiya, ba rowa yake yi da shi ba. Mai naƙuda, wanda maciji ya sara, yaron da ƙyanda ta kayar, duk Jatau ne ke kai su asibiti Malumfashi, Kirista da Musulmi, ko kuɗin mai ba ya karɓa. Da wuya ka sami wanda bai taɓa hawa bayansa ba a ƙauyen nan. Mutum ɗaya na sani, shi ne Mark, ɗansa na fari.

Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, irin ta iyayenmu. Shiga Kirista ba ta cire wa Yaya ita ba, ko da mai bishara ya yi ta wa'azi a kai. Ba ya kiran sunan Mark, ba ya zama inda yake zaune, ba ya yi masa magana kai tsaye. "Yaron nan" kawai yake cewa. Ni ce tsakaninsu. Suna tsaye a gona ɗaya, kunyar huɗa biyu ce ta raba su, amma sai ya juyo gare ni: "Dinatu, ce masa ya sassauta garmar." Ni kuma in juya in ce, "Mark, ka ji." Abin yana ba ni haushi, wallahi. Mutum ya kira sunan ƙarfe tun safe har yamma, amma na ɗan cikinsa ya gagare shi.

Mark kuwa yaro ne da kowane uba zai so. Shi ne ƙashin bayan gandun gidan, domin ƙannensa duk mata ne. Sa'o'insa sun watse, wasu Kaduna, wasu soja, shi yana nan riƙe da garma bayan shanun ubansa, ba ya ƙorafi.

Sai annobar shanu ta 1983 ta shigo. Bijiman huɗar nan biyu suka kwanta, ido na ruwa, baki na dalala, cikin mako guda muka binne su. A daminar nan da hannu Mark ya yi huɗa, gonar da shanu ma ke gajiya a cikinta. Ni na riƙa gasa masa tafin hannu da ruwan zafi ina shafa man kaɗe a inda ya tsattsage. Ga shi ruwa ya ɗauke da wuri, abin da aka samu bai cika rumbu ɗaya ba.

Da aka gama kaka sai Mark ya same ni ina tankaɗe, ya tsuguna.

"Gwaggo, ki gaya wa Baba. Ƙarfi nawa ne, kayan aiki nasa ne, haka gandu yake. In ruwan shuka ya sauka babu shanu, zan bi abokina Abuja, ana ɗaukar leburori a wurin gini. Ba gonar na ƙi ba, Gwaggo. Ba zan iya sake irin ta bana ba."

Na kai saƙon yadda aka ba ni. Sai Yaya ya ce, "Ce masa za a sayar da babur." Ni kaina sai da na zauna. Na ce a raina, ashe mutumin nan yana da zuciya.

Kuma lokacin sayarwa ne daidai. Da kaka kowa na da kuɗi a hannu, mai neman babur ya fi mai sayarwa yawa, ga sababbi sun yi tsadar da talaka ba ya ko tayawa. Jatau kuwa in ka gan shi sai ka rantse jiya aka fito da shi daga kwali. Shitu, dillalin babura a Malumfashi, da ya zo ya zagaya shi sai ya ce, "Malam Bitrus, wannan ai kafin Juma'a an gama."

Ya fara kawo Alhaji Maitama, mai awon hatsi. Alhaji ya yi tayi na mutunci, wanda zai sayi bijimai biyu har a sami na taki. Ina bayan danga ina gode wa Allah. Sai na ji Yaya ya ce, "Alhaji, wa zai riƙa hawa?"

"Yarana ne, masu zagaya ƙauyuka."

"Za su ɗora masa buhu?"

"To Malam Bitrus, mai hatsi me zai ɗora in ba buhu ba?"

"Albarka."

Na biyu Adekunle ne, mai gyaran rediyo a Funtuwa, haifaffen can, Hausarsa ta fi tawa. Mutumin kirki. Laifinsa ɗaya, da aka ba shi ya gwada, ya murɗa masa wuta har salansa ta yi kuka. Yaya ya zare makulli kafin ya gama tsayawa. Albarka. Wani malamin makaranta ya zo daga Matazu, tun daga wannan nisa, ya sa farce ya ɗaga bakin ledar sirdi don ya ga ko fatar ta yage. Shi ko tayinsa ba a saurara ba. Akwai wanda aka tambaya ko ɗakinsa na da ƙofa, akwai wanda aka tambaya sau nawa zai canza baƙin mai.

Shitu ya cire hula ya share gumi. "Malam Bitrus, don girman Allah, babur kake sayarwa ko 'ya kake aurarwa?"

"Ba kowa ake ba wa Jatau ba, Malam Shitu."

"To ka sani, kasuwa ba ta jira. Da bazara duk manoman da suka saya da kaka za su fito da nasu, su ma shanu da taki suke nema. Babur zai faɗi, sa ya tashi. Na gaya maka."

Haka kuwa aka yi. Zafi ya shigo, Shitu ya rage zuwa, in ya zo ma tayin ya ragu. Mark kuwa ya shiga gyaran gona. Ya sassabe gona, ya ƙone kara, ya kwashe takin gida da jaki ya zuba, kamar wanda ya tabbata shanu na tafe. Kowace ranar kasuwa in Yaya ya dawo a kan babur, sai in ga Mark ya ɗago kai ya duba, ya mai da kansa ƙasa. Wannan kallon ya fi komai cin raina.

Ranar da hadari ya fara haɗowa daga gabas na kasa daurewa. Na sami Yaya a ɗakin Jatau yana goge sarƙa da tsumma.

"Yaya, kai wane irin mutum ne? Ka tsaya kana bincikar asalin masu sayen ƙarfe, ɗanka zai tafi ɗaukar siminti a garin da ba mu san kowa ba. Su can wa ya bincika maka halinsu?"

"Ba zai tafi ba."

"Wa ya gaya maka? Ka tambaye shi? To in ba ka iya sayarwa, fita ka ce masa ya zauna. Da bakinka. Yana nan a gindin ɗorawa."

Ya ci gaba da goge sarƙar da ta riga ta yi ƙyalli. Can ya ce, "Yaron nan ya ci abinci kuwa?" Na fita na bar masa ɗakin, don in na ƙara kalma ɗaya zan yi saɓo.

Ruwa ya sauka, mai yawa, ƙasa ta jiƙu har ƙasa. Mark ya ƙara haƙuri, aka yi na biyu. Maƙwabta suka fito da shanunsu, ana ta "haa, haa" a gonaki ta ko'ina, tamu tana kwance. Ranar Lahadi bayan sujada ya ce mini, "Gwaggo, gobe ne." Rahab ta shige ɗaki ta ja labule, ita ma ba ta da bakin yi masa magana.

Da safe ya fito da akwatinsa na kwano a ka, zai taka zuwa bakin titi. Sai ga Yaya ya turo Jatau. Ya sauke akwatin daga kan yaron da hannunsa, ya ɗaure a baya, ya buga babur ya tashi. Bai dubi kowa ba ya ce, "Dinatu, ce masa ya hau."

Na ce, "Mark, ka ji."

Sauran labarin daga bakin Mark na ji shi, da ya zo Kirsimeti, sai kuma Shitu. Ba Ƙafur ya ajiye shi ba, ba Malumfashi ba, har tashar Funtuwa ya kai shi. Duk tsawon hanyar nan ba wanda ya yi magana. Mark ya riƙe ƙarfen baya don kada jikinsa ya taɓa na ubansa. Wajen Bakori, inda ruwa ya cinye titi, sai Yaya ya miƙo hannu baya, ya kamo hannun Mark ya ɗora a cikinsa, ya danne. Haka suka shiga Funtuwa. A tasha ya kwance akwatin, ya sa a mota, ya leƙa wajen direba ya ce, "A bi a hankali, don Allah." Ya tsaya har motar ta fita.

Yana nan tsaye wani ɗan kamasho ya ɗora ƙafa a kan salansar Jatau, ya ce, "Baba, wannan na sayarwa ne?" Ya jefa wani tayi na raini, irin wanda ake yi don a ja mutum da wasa. Yaya ya ce, "Sallama." Mutumin ya zaci bai ji daidai ba, har sai da aka miƙa masa makulli. Shitu da ya zo yana ba mu labari kamar ya yi kuka, ko rabin tayin Alhaji Maitama bai kai ba.

Rana ta kusa faɗuwa Yaya ya shigo gida da ƙafa, taɓo har gwiwa. Na ce, "Ina Jatau?" Ya ce an sayar. Na ce wa ya saya. Ya ce bai tambayi sunansa ba.

Da kasuwa ta zagayo ya tafi da kuɗin neman shanu. A tsadar damina sa ɗaya suka saya, wani fari mai ƙaho a karkace. Ya jawo shi gida ya ɗaure a turken da ya daɗe babu komai. Kowa ya san karkiya wuya biyu take so, shi ma ya sani. Amma ya zo ƙofar ɗakina ya ce, "Dinatu, ki aika masa. Ce masa an samu ɗaya."

Na ba wani direba ɗan majami'armu saƙon, mai lodin hatsi zuwa can. Aka daɗe, har dawa ta kai ƙugu a ɗan abin da Yaya ya iya nomawa a bayan gida, sauran gonar kuwa ciyawa ta rufe ta. Sannan direban ya dawo da amsa. Wai in gaishe da Baba, in ce masa an gode, amma ya riga ya kama aiki, an fara koya masa ɗora bulo.

Na sami Yaya a wajen turke yana yayyafa wa san nan dusa. Na faɗa masa yadda aka faɗa mini, ban rage ba, ban ƙara ba. Ya ce, "To." Ya karkaɗe hannunsa, ya tsaya yana kallon san yana ci. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Da ya zo ya riƙe garma, da ni sai in shiga ɗaya gefen karkiyar."