Buzun Malam da Baƙin Allo

Ina cikin takaba 'yata ta fari ta zo daga Gaya, wai za ta zauna da ni a Toranke har in fita. Na ji daɗi, don tun da aka fita da gawar Malam ɗakin ya yi mini faɗi. Ashe da kwamfutarta ta zo.

A gidan nan wuri ɗaya ne waya ke kama sabis: dakalin gindin darbejiya, inda Malam yake shimfiɗa buzunsa ya yi lazimi. Ban ɗauke buzun ba, ban kuma bari kowa ya taɓa shi ba. Wata rana da hantsi na leƙo, sai ga ta zaune a kansa, abin a cinyarta, allon baƙi ƙirin, farin rubutu yana gudu kamar tururuwa.

'Yar fari ce, ban taɓa kiran sunanta ba. Na ce, "Ke, kin san a kan me kike zaune?"

"Inna, yi haƙuri. Babbar na'urar ofishinmu ce ta tsaya, daga nan kawai nake iya shiga cikinta."

"Daga nan kike jin ciwonta?"

Sai ta hau yi mini bayani, kamar abin da na tambaya ke nan. Wai na'urar tana rubuta duk abin da ya same ta, layi bayan layi, ba mai iya karance shi. Ita kuma takan buga ɗan gajeren umarni, ta ce a tsamo mata layukan da aka ambaci kuskure kawai, sannan ta bi su baya har ta kai inda abin ya faro.

Na ce, "Madalla. Ƙarfe ya yi tari, kin jiyo daga nan. Ubanki ya yi tari tun shuka har girbi, ana aika miki kina cewa aiki. Da shi ma a rubuce yake yi, da kin zo."

Ba ta ɗago ba. "Inna, don Allah, saura kaɗan."

Ina tsaye hawaye na zuba, yatsunta na ta ƙwas-ƙwas. Can sai ta ce, "Alhamdu lillahi! Wurin ajiyarta ne ya cika." Har da murmushi. Murmushin farko ke nan a gidan tun rasuwar, kuma a kan buzunsa aka yi shi.

Na kama gefen buzun na ja, ta miƙe ba shiri. Na naɗe shi na rungume. Na ce, "Majinyacinki ya warke, tashi ki je ki duba shi."

Ta yi kuka, ta durƙusa. Na shige ɗaki da buzun. Da la'asar ta hau mota. Ƙanwar Malam ce ta ƙarasa takabar da ni.

Ta bar mini waya, wai za ta riƙa kira. Kai mai rubuta mini labarin nan, rubuta wannan ma yadda na faɗa: wayar tana cikin ɗaki, ƙarƙashin buzun, inda ba sabis. Ban taɓa kai ta dakalin ba.