Ƙararrawar Baba Sale

Akwai ranar da na yi shekaru ina neman in manta da ita, ta ƙi barina: ranar Asabar ɗin da kwalejinmu ta yi bikin cika shekara arba'in. Tun ɗazu kuna ta yabona, wannan ya ce ni na ja ruwa zuwa ɗakunan kwana, wancan ya ce ni na zagaye makaranta da katanga. Na gode, Allah ya saka da alheri. Amma tunda yau nake ajiye aiki, gara ku ji ɗaya gefen daga bakina, don wanda ya rufa mini asiri ya riga mu gidan gaskiya, ni kuwa na gaji da dakon abin.

Ku sababbin ma'aikata kun tarar da benaye da ɗakin karatu da layin darbejiya, kuna zaton haka wurin ya faɗo daga sama. Bayan an gama yaƙin basasa ne gwamnati ta tashi haiƙan wajen buɗe firamare a ƙauyuka, sai aka rasa malaman da za su koyar. Shi ne aka yanki wannan fili a gefen hanyar Zango, wanda a da gonakin gero ne, aka yi ajujuwa biyu da rumfar zana, aka ce ga makarantar horon malamai. A hankali aka haƙa rijiya, aka gina ɗakin kwana da masallaci, aka fara ɗaukar mata, har aka ɗaga ta ta zama kwaleji.

Ma'aikacin da ya ga duk wannan da idonsa shi ne Baba Sale, mutumin garin Babban Mutum. Direban babbar motar soja ne a lokacin yaƙi. Ya dawo gida da ɗingishi a ƙafar hagu, da kuma wani ƙaton wili, wato ƙarfen da ake sa wa taya. Da aka ɗauke shi gadi ya tarar makaranta ba ta da ƙararrawa, sai ya rataye wilin nan da sarƙa a jikin tsamiyar bakin ƙofa, ya riƙa buga shi da guntun rodi. Har manoman da ke kewaye ma, da bugunsa suke sanin lokaci. Ko da ya yi ritaya bai daina zuwa ba. Yana kwana wajen ɗansa a nan kusa, kullum da safe ya buga ƙararrawarsa ya zauna a gindin tsamiya, kuma ba wanda ya taɓa hana shi.

A shekarar bikin ni ne Babban Jami'in Ayyuka. Ga wanda bai san aikin ba, duk abin da ya shafi gini da famfo da lantarki da shara a wuyana yake. Ina kuma jiran ƙarin girma zuwa Mataimakin Darakta, fayil ɗina yana kan teburin Magatakarda. Mai jiran ƙarin girma kuwa ba abin da yake tsoro kamar takardar tuhuma, don guda ɗaya ta isa ta mayar da shi baya. Sai ga shi an ƙara mini da zama sakataren kwamitin rubuta ɗan littafin tarihin kwaleji. Mun tattara komai, sai abu ɗaya ya gagara: rajistar ɗaliban farko, gara ta cinye ta tas a sito. Muka rubuta cewa ba a samu sunayensu ba, muka wuce.

Sau biyu Baba Sale yana zuwa ofishina a kan wannan. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa ya ce, "Injiniya, na ji ana rubuta tarihi. Akwai abin da nake so in nuna maka."

Ban ko ɗaga kai sosai ba na ce, "Baba, tarihi da takarda ake rubuta shi, ba da hira ba. Ka bari sai bayan biki."

Ya ce, "To, Allah ya kai mu." Ya sa takalminsa ya fita. Girman kai rawanin tsiya, ni a lokacin gani nake na yi maganar masu ilimi.

Ana saura kwana uku biki, ranar Laraba, 'yan gwangwan suka zo kwasar tsofaffin ƙarafa. Ƙa'idar aiki ita ce, ba a fitar da kayan gwamnati sai kwamitin tantance kaya ya duba, ya jera su a takarda, Magatakarda ya sa hannu. Karyayyun gadaje da kujeru duk sun bi wannan hanya. Wilin Baba ba ya cikin jerin, kuma ba zai shiga ba, don tun asali ba kayan gwamnati ba ne. Amma da motarsu ta zo fita, na hangi abin nan ya yi tsatsa yana reto daidai inda manyan baƙi za su shigo, ga shi mun riga mun kafa ƙararrawar lantarki. Na ce da su, "Ku sauke wancan ma ku haɗa." Ba wanda na tambaya. Baba kuwa ya tafi Babban Mutum sunan jikarsa.

Ranar Juma'a ya dawo, ya same ni ina duba rumfunan baƙi. Bayan mun gaisa ya ce, "Injiniya, ina ƙararrawata?"

Na ce, "Tana sito, Baba. Fenti za a shafa mata."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Madalla. Sai dai kar a shafa a cikinta." Ban tambaye shi dalili ba, Allah-Allah nake ya tafi.

Ranar Asabar wuri ya cika maƙil. Aka yi jawabai, aka raba littafin tarihi, ina tsaye a gefe cikin sabuwar shadda ina jin kaina. Sai wani dattijo ya nemi a ba shi abin magana. Alhaji Mamman ne daga Mai'adua, tsohon sufeton makarantu, ɗaya daga cikin ɗaliban farko. Ya ɗaga littafin ya ce, "Na ga an rubuta wai ba a samu sunayenmu ba. Ai sunayenmu ba su ɓata ba. Ranar da muka gama, mu talatin da ɗaya, maƙeri muka kira ya sassaƙa sunan kowa da kurfi a cikin wilin Baba Sale, don mun san takarda ba ta da tabbas. Yau mu shida muka rage. Ku taso mu nuna muku."

Jama'a suka yi ta tafi, aka ɗunguma zuwa bakin ƙofa, Shugaban Kwaleji a gaba. Ni kuwa na bi bayansu. Aka isa gindin tsamiya, ba komai sai sarƙa tana lilo. Ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa ko kwana biyu bai yi ba.

Shugaba ya juyo ya ce, "Injiniya Lawal, ina ƙararrawar take?"

Kafin in haɗa kalma ɗaya, Baba Sale ya miƙe a kan sandarsa ya ce, "Ranka ya daɗe, tawa ce, ba ta gwamnati ba. Ta bi 'yan gwangwan. Ni na yafe ta, kar a tuhumi kowa."

Ku lura, bai yi ƙarya ba. Amma duk wanda ke wurin ya ɗauka shi ya sayar. Alhaji Mamman ya riƙe baki ya ce, "Haba Baba Sale! Sunayen 'yan'uwanmu da suka rasu ka ba 'yan gwangwan? In buƙata ce ta kama ka, ba ga mu ba?"

Baba ya sunkuyar da kai. Tsakanina da shi bai fi taku uku ba. Magana ɗaya ce tak ta rage mini, in ce ni ne. Na tuna fayil ɗina a kan teburin Magatakarda, na ja bakina na yi shiru. Wannan shirun, wallahi, ya fi sauke wilin muni.

Can sai Baba ya ɗago, ya fara kiran sunayen da ka, kowa da garinsu: wane daga Zango, wane daga Baure, wane daga cikin birnin Daura, wane ɗan Sandamu da ya rasu a hanyar Makka. Bai tsallake ko ɗaya ba. Na juya takardar jadawalin biki ina rubutawa. Dattawan nan suka yi ta share hawaye, amma da za su tafi, Alhaji Mamman ko sallama bai yi wa Baba ba.

Washegari na bi sawun 'yan gwangwan har cikin Daura. Sun riga sun ba maƙera, an yanka wilin ana ƙera garemani da shi. Guntu ɗaya na samu, bai fi tafin hannu ba, da rabin suna a jiki. Na sa shi a aljihu na wuce Babban Mutum, inda Baba ya koma tun yammacin bikin. Na same shi a zaure yana gyaran igiyar guga. Na durƙusa na ce, "Baba, ni na sa aka sauke ta. Ba ta je sito ba."

Ya ce, "Na sani, Injiniya. Tun safiyar Juma'a masu shara suka gaya mini."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa a gaban mutane?"

Ya ce, "Kai kana da sauran tafiya, ga iyali. Ni na iso tasha. Kuma ban saba tona asirin abokin aiki ba, ko a soja ba a koya mana haka ba." Ya ja igiyar, sannan ya ƙara da cewa, "Amma fa ban hana ka faɗa ba. Ni ne dai ba zan faɗa ba."

Ya bar mini ƙofa a buɗe ke nan, ni kuwa ban shiga ba. Na ce bari ƙarin girma ya fito tukuna. Ya fito. Na ce bari ƙura ta lafa. Kafin nan ɗalibai marasa kunya sun laƙaba masa Baba Gwangwan, bai sake zama a gindin tsamiya ba. Da aka sake buga littafin tarihi, na sa sunayen talatin da ɗaya kamar ni na binciko su, har aka yaba mini. Game da wilin kuwa, da hannuna na rubuta cewa ƙararrawar farko ta salwanta. Damina biyu bayan haka Baba ya rasu. Na je jana'iza, na tsaya a sahun baya.

Makon jiya na tuƙa mota zuwa Mai'adua wurin Alhaji Mamman. Ya tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni, amma hankalinsa garau. Na gaya masa komai, ban rage ba. Na so ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Bai zage ni ba. Ya daɗe yana murza carbinsa, sannan ya ce, "Ka san an aiko mini da rasuwarsa? Ina cikin fushi, ban je ba." Daga nan na yi masa sallama na taho.

Abin da wannan aiki ya koya mini, a makare, shi ne makaranta ba a fayil kaɗai take ba. Rabinta tana kan masu gadi da masu shara da masu dafa abinci, waɗanda muke barinsu tsaye a bakin ƙofar ofis. In ɗayansu ya ce yana da abin da zai nuna maka, ajiye biro ka bi shi. In kuma ka yi kuskure, ka faɗa tun wanda ya ɗauke maka nauyin yana da rai, don neman gafarar mamaci ba ta da amsa.

Ga guntun ƙarfen nan, tun ranar yake cikin durowata. Ranka ya daɗe Magatakarda, ina roƙon a rataye shi a jikin tsamiya. Ga kuma takarda na rubuto, na sa hannu. In za a sake buga littafin, a goge inda aka ce ƙararrawar ta salwanta. A rubuta cewa Baba Sale bai sayar da ƙararrawarsa ba, kuma shi ya adana sunayen ɗaliban farko. Wanda ya sa aka sauke ta, ya kuma yi shiru, a rubuta sunansa cikakke: Lawal, Babban Jami'in Ayyuka.