Safiya ta Uku a Bakin Kogi

Shekara talatin da takwas Clarrie Dunstan ya yi yana tuƙa gireda yana share hanyoyin ƙasa na arewacin garin Cloncurry, kuma har ya ajiye aiki ba a taɓa jin ya yabi tuƙin wani ba. Gajere ne, mai taurin kai, rana ta gasa masa wuya, ƙarar inji ta cinye masa rabin ji. Da abu biyu yake cika baki: wai bai taɓa kafewa da mota a daji ba, kuma matarsa Noeline ta fi duk mazan garin iya kama kifin baramandi. Na biyun gaskiya ne. Na farkon kuwa, akwai waɗanda suka jawo shi da igiya, suna nan da ransu.

Kowace shekara da damina ta wuce, hanya ta bushe, sai su ɗaure tanti da sandunan fatsa a bayan a-kori-kura su nufi bakin teku. Yini biyu ake yi a kan gargada kafin a kai inda kogunan gishiri suke shiga teku. A can 'yarsu Trish ta koyi tafiya. Clarrie sarkin dokoki ne a sansani, amma guda ɗaya ce yake ɗaga murya a kanta: ba a tsayawa wuri ɗaya a bakin ruwa kwana uku a jere. Akwai kadoji a ruwan, kuma kada ba ya gaggawa, in ji shi. Ranar farko ya gan ka, ta biyu ya riƙe lokacinka, ta uku yana ƙarƙashin ƙafarka yana jira. Noeline ta ji wannan karatun har ta haddace, wani lokaci ita take ƙarasa masa don ta ba shi haushi.

Sai ciwon mantuwa ya kama ta. Da gishiri a shayi ya fara, ana dariya. Dariyar ta ƙare ranar da aka tsinto ta a tashar mota da tsakar rana cikin rigar barci, wai tana jiran mahaifiyarta da ta rasu shekara ashirin da suka wuce. Likita ya ce babu magani, amma ya ba Clarrie shawara ɗaya: kar ya sauya mata komai. Abin da ta yi jiya ta yi shi yau, a lokacinsa, a wurinsa. Clarrie da bai taɓa jin maganar likita ba, wannan ya riƙe ta hannu biyu, domin ya ga amfaninta. Kullum bayan shayin safe Noeline takan ɗauki kofunansu biyu na tangaran ta wanke. In ta wanke, ranar za a yini lafiya. In aka riga ta, sai kuka da jifa da duk abin da ya zo hannunta.

Trish ce ta samo mata gado a wani gidan kula da tsofaffi a Mount Isa. Sun ce za su ajiye shi zuwa ƙarshen watan Oktoba.

"Baba, dubi kanka fa," in ji Trish. "Wandonka da igiya kake ɗaure shi. Yaushe rabonka da barcin kirki?"

"Uwarki ba kaya ba ce da za a kai ajiya."

"Wa ya ce kaya ce? Ba za ka iya kai kaɗai ba, shi ke nan maganar."

"Ba ni mako biyu. Zan kai ta kogi. In na dawo da ita garas, kar in ƙara jin zancen gadon nan a gidana."

"In kuma ba haka ba?"

"Da bakina zan kira ki."

Can cikin ransa ya yarda kogin zai dawo masa da ita, ko da rabi ne. Kowa ya ga wautar abin, amma wa zai iya faɗa wa mutumin da ya shekara arba'in da shida yana shan shayi da mace ɗaya? Gardamar ta ja har Oktoba, lokacin da masu hankali suke kwance tantunansu suna gudun zafi. Sai a lokacin suka tashi, su biyu da karensu Dizal, wanda tun da ciwon ya fara ba ya barin gefen Noeline.

A gidan mai na ƙarshe suka tarar da Wally, mai wurin, yana fifita da hula.

"Kai, tsohon banza, ashe ba ka mutu ba?" in ji Wally. "Mutane na fitowa, kai kana shiga."

"Zuba mai ka rufe mana baki. Hanyar nan taku wane makaho ne ya share ta bana?"

"Wanda ya gaje ka. Sannu da hanya, Noeline, har yanzu kina fama da wannan?"

Noeline ta yi masa murmushin da take yi wa baƙi. Wally ya ga haka, dariyarsa ta ɗauke. Ya matso kusa da kunnen Clarrie mai ɗan ji, ya ce ruwa ya yi ɗumi, kadoji sun farka da yunwa, akwai wani ƙato a mashigar kogin da ya ja saniya a watan jiya. Clarrie ya ce tun Wally yana tsumma yake kwana a kogin nan.

Sun kafa tanti nesa da ruwa, a kan tudu, yadda ya kamata. Zafi kuwa ba a magana. Iska ba ta motsi, laka tana wari, ƙananan ƙudajen bakin teku suna cizo ta cikin riga. Amma da yamma, da teku ta fara cikowa, Clarrie ya sa mata sandar fatsa a hannu daga saman gaɓa, sai hannun ya tuna abin da kan ya manta. Ta jefa, ta saurara, ta fizga. Baramandi mai tsawon hannun mutum ya yi tsalle sama yana girgiza kai.

"Clarrie, kawo koma mana, ka tsaya ka saki baki!"

Wata biyar rabon da ta kira sunansa. Ya juya baya yana neman komar kamun kifin da take gabansa, don kar ta ga idonsa.

Washegari bayan shayi, yana fama da murhu, ta kwashi kofunan ta gangara. Ba a ɓarnar ruwan sha a wanke-wanke a can, da yashi da ruwan kogi ake yi, kuma hannunta bai manta wannan ba. Ta sami wani faffaɗan dutse a bakin ruwa ta tsuguna, Dizal a gabanta yana sunsuna. Clarrie ya bi ta ya tsaya a kanta har ta gama. Sau ɗaya ba komai, ya ce a ransa.

Safiya ta biyu ya zuba mata ruwa a roba a ƙofar tanti. Ko kallon robar ba ta yi ba. Ya kama hannunta zai karkata da ita can sama, wani wuri dabam, sai ta fasa ihu.

"Sake ni! Waye kai? Ɓarawo! Clarrie, zo ga wani zai tafi da ni!"

Ta yakushe shi a fuska har jini. Ya tsaya da maganar likita a kunne ɗaya, dokarsa a ɗayan, ya sake ta. Ta je dutsen nan ta wanke kofunanta, yana bayanta da gatari, idonsa a kan ruwan da babu ko kumfa a kansa. Ranar kuwa an yini lafiya. Ta soya kifi da kanta, ta tsokane shi a kan sanƙonsa, ta kira sunansa sau biyu.

Da la'asar ɗin nan ya kamata ya kwance tanti. Ya sani, babu wanda ya fi shi sani. Amma ya san kuma in aka tashe ta daga wurin da ta fara sabawa, sai ta yi kwana biyu ba ta san ko ita wace ce ba, ga shi yau ɗin nan matarsa ce zaune a gabansa tana cire ƙaya daga kifi. Kwaɗayin yini ɗaya ya rinjaye shi. Ya ce gobe da sassafe zai wanke kofunan da kansa ya ɓoye, su sha shayin a hanya, ta yi kukanta a cikin mota.

Haka ya yi. Ya wanke su, ya tura ƙasan akwatin kayan abinci, ya bar ta zaune a kujera, ya zagaya bayan mota yana ɗaure kaya. Bai ji buɗe akwatin ba. Da ya ɗago, kujera ba kowa, Noeline ta kusa kai wa dutsen, kofi ɗaya a kowane hannu.

Ya kira ta, ba ta waiwaya ba. Ya runtuma da gudu irin na ɗan shekara saba'in da ɗaya, gwiwa tana ƙara. Dizal ne ya riga ta taka dutsen kamar kullum, ya sunkuyar da kai. Ruwan ya tsage. Clarrie ya ga bakin kada, ya ga faɗin baya kamar ƙyauren ɗaki, sai kuma dutsen ya zama wayam, jiƙe. Ko haushi ɗaya karen bai samu yi ba. Taku biyu ne tsakanin karen da Noeline.

Clarrie ya cafko rigarta ta baya, suka zube cikin laka tare. Ya yi ta janta sama da gwiwa da hannu har suka kai tudu. Kofi ɗaya yana can yana juyawa a kan ruwa, ɗayan yana hannunta.

Noeline ta daɗe tana kallon kogin. Sannan ta juyo ta dube shi sama da ƙasa, da idon da babu ruɗu a cikinsa ko kaɗan.

"Kwana nawa muka yi a nan?"

"Uku."

"Uku? A wuri ɗaya?" Ta girgiza kai. "Malam, ba ka san kogi ba. Mijina ba zai taɓa barin haka ta faru ba. Bari ya dawo, za ka ji a jikinka."

"Zan faɗa masa," in ji Clarrie.

Ya bar komar da kujerun a nan. A hanya ta tambaye shi ina Dizal. Ya gaya mata gaskiya, ta yi kuka kamar ranta zai fita. Bayan rabin awa ta sake tambaya, ya sake faɗa, ta sake yin kukan sabo fil. A karo na uku ya ce karen yana baya yana barci, ta ce to a rage gudu kar a tashe shi. Ya rage.

Rana ta karkata suka iso wurin Wally. Wally ya buɗe baki zai yi tsiya, ya ga lakar da ta bushe a jikinsu, ya leƙa bayan mota. Ya miƙo wa Clarrie waya ba tare da an roƙe shi ba, Clarrie ya kira Trish.

"Baba? Lafiya? Ina Mama?"

"Tana nan, lafiyarta ƙalau." Ya leƙa ta taga. Tana zaune a mota tana goge kofin da gefen rigarta. "Trish, gadon nan. Ki ce kar su ba wani."

"Baba, me ya faru?"

"Ki gaya musu da safe tana wanke kofi bayan shayi. Kar kowa ya riga ta. Su bar ta ta wanke."