Kabarin 'Yar Wasan Indiya

Tun tana budurwa a Kabo maiɗakina take son wata 'yar wasan Indiya da ta rasu da ƙuruciyarta. Duk sanda aka ambace ta, sai ta ce kaico kawai. Ba ta taɓa cewa Allah ya ji ƙanta ba, domin a fim tana ganinta da jan ɗigo a goshi, tana durƙusa wa gunki.

Bara, wata Alhamis bayan la'asar, muna gida a Gwarzo aka nuno tarihin matar a talabijin, an fassara da Hausa. Aka nuna ciwon da ya daɗe yana cinta, sannan aka hasko kabarinta. Na matsa kusa, don baƙaƙen da ke jikin dutsen irin namu ne na allo. Na karanta Bisimilla, a ƙarƙashinta kuma ga sunan yanka irin na 'ya'yanmu.

Na ce, "Hajiya, baiwar Allahn nan Musulma ce. Wancan sunan da kika san ta da shi na sana'a ne."

Ta ce, "Malam, duba da kyau dai."

Na sake karantawa a bayyane. Sai ta rufe fuska da mayafi, ta ce, "Duk shekarun nan na hana ta addu'a, tana kwance a kabari."

Washegari ta toya waina ta raba sadaka. Da maƙwabta suka tambayi wanda ya rasu, ta ce wata 'yar'uwarta ce ta nesa.