Fiffiken Gorar Surukina

Ƙarfe goma na safe aka buɗe su, wato kamun kifi na gayya, a tafkin da ke gabas da Guri. Akwai sarkin ruwa, da masuntan ƙauyuka, da surukina, da taubashinsa, da ni a tsaye a kan gaɓa.

A zamanin Turawa ne, ina aikin kafinta a ma'aikatar En'e ta Haɗejiya. Idan an tashi aiki nakan zauna da guntayen katakon maɗaci ina sassaƙa fikafikai irin na bayan kifi. Dalilina shi ne masuntanmu a kan babbar gora suke kwanciya rub da ciki su shiga ruwa, kuma gorar tana yawan juyawa. Na ce in an ɗaura mata fiffike a ƙasa za ta miƙe sak. Da farko nakan zana a takarda, sannan in yanka da zarto, sannan in goge da magagari har ya yi santsi. A ƙwarya nake gwadawa, cikin kududdufin bayan gida. Ban taɓa hawa gora ba.

Da na gama wanda ya fi kyau, na ba matata ta kai wa mahaifinta, tare da igiyar ɗaurawa. Tsoho ne da ake girmamawa a wurin su, shi ake bari ya fara shiga. Abin da ban yi tunani a kai ba shi ne kunya. A wurinmu suruki ba ya mayar da kyautar mijin 'yarsa, ba ya kuma gaya masa cewa abin banza ne. Ya karɓa, ya aiko da godiya.

Ran su ya ɗaura, ya shiga. Gorar ta miƙe sak, har na fara murmushi. Sai kifi ya gifta ta hagunsa. Mai su yakan juya gora da cikinsa nan take ya kai komarsa ta kamun kifi, amma tasa ta ƙi juyawa. Yana fama da ita fiffiken ya sarƙe a cikin bado. Jama'a suka wuce shi ta ko'ina, yana nan kamar an kafa shi.

Taubashinsa ya ɗaga murya daga cikin ruwa: "Kai, tsoho, gorarka ta yi saiwa ne? Bari mu dawo da rani mu girbe ka!"

Aka kwashe da dariya. Da ya sa hannu ya tsinke igiyar, da ya kuɓuta. Bai tsinke ba, saboda ya san ina kallo. Sai da aka tashi su aka jawo shi, gorarsa babu kifi ko ɗaya.

Na durƙusa na ce, "Baba, sannu."

Ya kawar da kai ya ce, "Aikin ya yi santsi."

Har ya rasu bai ƙara magana a kai ba, kuma bai ƙara fara shiga ruwa ba. Fiffiken yana rataye a zaurensa.

Mai karatu, in ka je Guri ka ji ana labarin tsohon da gorarsa ta yi saiwa, ina roƙonka kada ka yi dariya. Ka gaya musu ya iya su, haƙuri ya yi da ni.