Jinin Gidanmu a Gaban Ordinater

Tun kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan tafiyar nan ni ne, duk da lakwal ɗin da na yi har aji huɗu.

Jikata Hadiza ce ciwon ƙashi ke kayarwa duk wata. A gidan likita na Dakoro aka ce sikila ce. Aka auna uwarta Rabi, aka ga alama. Aka auna ɗana Sani, ba a ga komi ba. Sai na yanke hukunci: ciwon daga gidan su Rabi ya zo, can Bader Goula, kuma Sani na dawowa daga Agadas zai sallame ta. Wani dokter a Maraɗi ya ce maganar ba ta zauna ba, uwa ita kaɗai ba ta ba da wannan ciwo. Ya ɗebi jinin gidan duka don dogon bincike, na Sani kuwa aka aiko daga Agadas. Ni na fara miƙa hannu, ina cika baki. Bayan kaka aka kira mu Yamai, inda inji ya karanta jinin.

Dakoro zuwa Maraɗi

Muna sallame asuba muka shiga mota, awaki a sama suna yi mana ruwan da ba na sama ba. Rabi ta lafe can baya da yarinyar. A Kornaka jandarma ya karɓi kartidante ɗina, katin shaida.

“Baba, ina zuwa?”

“Yamai. Inji zai shaide ni.”

“Mutane sun ƙi ke nan,” in ji shi.

Muka kwana Maraɗi gidan ɗan ƙanena mai sayar da hatsi. Tuwo da miyar kuka har da ƙari. Rabi ba ta taɓa ba sai da na fita, don ba ta cin abinci a gabana.

Maraɗi zuwa Yamai

Babbar motar kar muka shiga, mai sanyi kamar randa. Madawa warin albasa, Konni tsire mai yaji. A Dogondutsi sanyin ya tayar wa Hadiza da ciwo. Rabi ta kwance mayafinta ta naɗe ta, tana matsa mata ƙafa har Dosso, hannunta bai huta ba. Na gani. Na kau da kai, na ce wa raina ba a sake hukunci a kan hanya.

Yamai

Washegari wata matashiyar dokter ta zaunar da mu gaban ordinater, wato kwamfuta. Fuskar injin cike da baƙaƙe, A, C, G, T, su kaɗai suna ta maimaituwa.

“Ɗiyata, waɗannan ai na san su tun aji ɗaya.”

“Madalla, Baba. Da su aka rubuta jikin kowa. Rubutun ya fi ƙarfin idon mutum, shi ya sa inji ke jera na mutane yana nemo inda harafi ya sauya.”

Ta fito da layin Rabi, ga jan tabo. Na gyara zama. Sai ta fito da na Sani, ga wani tabon a wani wuri. Ta ce wannan iri yakan ɓuya wa awon yau da kullum, kuma haɗuwar biyun ce ta kwantar da Hadiza.

“To, wajen uwarsa ya ɗauko,” na ce. “Dangin Tasalla dama ban yarda da su ba.”

Ta fito da layin matata Tasalla, fes. Ta fito da nawa.

Na daɗe ina kallon jan tabon nan. Na ce, “Injin nan ba ɗan Bader Goula ba ne?”

Ta yi dariya. Ta ce sauyin ya girmi kakan kakana, kuma bai ɓace ba ne saboda mai ɗauke da guda ɗaya yakan fi jure zazzaɓin sauro. Ba laifin kowa ba ne. Ta tsara wa Hadiza magani, ta ce Sani ya zo da matarsa su yi shawara.

Komawa

A Dosso na sauka na sayo fura, na miƙa wa Rabi da hannuna.

“Rabi, na zalunce ki. Ɗakinki naki ne.”

“Ba komi, Baba,” ta ce, kai a sunkuye. Ta juya kaɗan ta sha.

Washegari mun sauka Dakoro lafiya bayan la’asar. Godiya ga Allah, da dokter ɗin nan, da ɗan ƙanena mai tuwo. Maƙwabta suka cika tsakar gida, ni kuwa na ga ba dole ba ne a ba da labari duka. Na ce an duba jinina a Yamai an tarar tun kakanni sauro ke tsoron gidanmu.

Tasalla na tankaɗe, Hadiza ta riga ta kai mata rahoto. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

“Malam, ka gode wa Allah jininka aka ba injin ya karanta. Da bakinka ne, da ya ƙone.”